Roƙon shaida a LinkedIn, daga Marwa

A ƙarshen watan Maris na 2025, azumi na gab da ƙarewa, na miƙa makullan mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, na sa hannu a takardar ƙidayar kaya ta ƙarshe, na hau babur na koma gida Domayo. Shekara shida ina riƙe da makullan nan. Wata ƙungiyar agaji nake wa aiki a Marwa, a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, ni ne mai lura da shigar kaya da fitarsu: tabarmi, gidajen sauro, bokitai, sabulu, barguna, tamfol, duk abin da ake kai wa mutanen da rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu a wajejen Mora da Mokolo, da waɗanda ambaliya ta kora a bakin kogin Logon. Ba laifi na yi ba. Shekarar ce kuɗin agajin ƙasashen waje ya ƙafe wa ƙungiyoyi da yawa a lokaci guda, aka yi ta rufe biro ana sallamar ma'aikata. Mu goma sha ɗaya muka fita rana ɗaya.

An ba ni takardar shaidar aiki, wadda muke kira atestasiyo. Layi huɗu ce: sunana, muƙamina, ranar da na fara, ranar da na gama, sai hatimi da sa hannu. Duk wanda ya karanta ta zai san na zauna a wurin, amma ba abin da za ta gaya masa game da yadda na riƙe amanar da aka ba ni.

Bayan salla na fara aika dosiye. Inda aiki irin namu ya yi saura sosai shi ne gabashin Cadi, domin tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 dubban ɗaruruwan mutane suka kwararo ta Adre, ƙungiyoyi suka buɗe ɗakunan ajiya a Abeshe da Farshana. Akwai wani ƙanena na wurin aiki da ya tsallaka Njamena tun lokacin, shi na tura wa takarduna ya duba mini. Da dare ya kira.

"Yaya, ka yi mini afuwa in faɗa maka gaskiya. Dosiyenka ba laifi. Amma na leƙa shafinka na LinkedIn, kango ne, ko hoto babu. Matar da ke tace takardu a bironmu, da suna ya ja hankalinta can take fara zuwa, ta ga su wa suka san mutum, me suka ce a kansa."

Na ce masa ai na sa lambobin mutum uku a ƙasan takardata, mai so ya kira su. Ya ce kiran nan a ƙarshe yake zuwa, bayan an rage tulin takardu zuwa biyar ko shida. Abin da nake bukata shi ne abin da zai shigar da ni cikin biyar ɗin.

Ga wanda bai saba da shi ba, LinkedIn dandali ne na ma'aikata da masu ɗaukar ma'aikata. A Amurka aka buɗe shi a 2003, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016 a kan sama da dalar Amurka biliyan 26, a 2023 kuma masu shi suka ce masu rajista sun kai biliyan ɗaya. Ni na buɗe nawa a 2020, lokacin korona da aiki ya ɗan lafa, na rubuta sunana na bar shi. Hanyar da mutum zai tsaya maka a ciki iri biyu ce. Ta farko, ka jera abubuwan da ka iya, wanda ya san ka ya latsa maɓalli ɗaya ya ce haka ne. Wannan ba ta da nauyi, don wanda bai taɓa ganin ƙofar mangazarka ba ma yana iya latsawa yana shan shayi. Ta biyun ita ce rubutacciyar shaida: mutum ya zauna ya rubuta abin da ya sani game da aikinka, har haruffa 3,000 in yana so, rubutun ya fito a shafinka da sunansa da hotonsa da muƙaminsa da ranar da ya rubuta, da irin alaƙar da ke tsakaninku. Yana kuma fitowa a nasa shafin, cikin jerin waɗanda ya shaida. Wato mutuncinsa ya ɗora a kan maganar. Ba a biyan ko sisi, amma sai ka roƙa.

A nan na tsaya cik, na yi kusan mako uku ban taɓa komai ba. Na tashi a gidan da ake cewa yabon kai jahilci, kuma mun girma cikin Fulani, waɗanda kunya ce rabin tarbiyyarsu. Mahaifina ya yi shekara talatin yana sayar da goro a kasuwar Garwa, ban taɓa jin ya ce da wani "ka faɗa wa mutane ni mai gaskiya ne" ba. Mutane ke faɗa da kansu, a bayan idonsa. Yanzu a ce in ɗauki waya in ce da wanda ya shugabance ni, ranka ya daɗe, zauna ka rubuta alherina, duniya ta karanta? Sai na riƙa jin kamar zan ɗauko maroƙi ne in sa shi a gaba. Ga kuma wani tsoron da ban faɗa wa kowa ba: in na roƙa mutum ya yi shiru, to shirun ma amsa ce, kuma ban san ko zan iya ɗaukarta ba.

Na je Garwa gaida iyaye, na biya Yelwa wajen kawuna, wanda ke karantar da ɗalibai a zaurensa. Bayan la'asar na kwance masa abin da ke damuna. Ya saurara har na gama, sannan ya ce:

"Ɗana, kai da ka shekara shida kana tsaron rumbu, ka manta da Annabi Yusufu? Shi da bakinsa ya ce wa sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya ce shi mai tsarewa ne, masani. Duba aya ta 55 a surarsa. Ka kuma duba Suratul Ƙasas, aya ta 26, 'yar dattijon Madyana ta ce wa mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa aiki, don mai ƙarfi ne amintacce. Ita ma ai shaida ta bayar. Amma ka lura, sai da ta ga ya shayar musu da dabbobi. Yabo ka bar wa maroƙa. Kai shaida za ka nema, shaida kuwa sharaɗinta gani. Kada ka je wurin wanda bai gani ba, komai girman rawaninsa."

Da wannan maganar na koma Marwa.

Gyaran shafin bai ɗauki lokaci ba. Na je situdiyo kusa da babbar kasuwa aka ɗauke ni hoto a jaka ɗaya, na rubuta muƙamaina biyu da shekarunsu, da Faransanci, tunda shi ne harshen biro a arewacin Kamaru da Cadi. Rubuta muƙaman wajibi ne tun farko, don lokacin roƙo shafin zai tambaye ka wane aiki kake yi sa'ad da kuka yi hulɗa, kuma daga abin da ka jera zai ba ka zaɓi. Sai ƙulla alaƙa. Ba ka iya neman shaida sai a wurin wanda kuka haɗu kai tsaye, ka aika masa gayyata ya karɓa. Na aika wa tsofaffin abokan aiki wajen talatin. Wasu sun karɓa a ranar, wasu bayan mako, wasu kuma da alama sun buɗe shafin sun manta da shi kamar yadda na yi.

Hanyar roƙon kanta gajera ce. Ka shiga shafin mutum, ka latsa maɓallin ƙarin zaɓi da ke kusa da na aika saƙo, ka zaɓi neman shaida. Zai tambaye ka alaƙarku: shi ya shugabance ka, kai ka shugabance shi, sashe ɗaya kuke, ko abokin ciniki ne. Ka zaɓi muƙaminka na lokacin. Sai akwatin saƙo ya buɗe da ɗan layi ɗaya da aka riga aka rubuta, mai cewa ko za ka rubuta mini shaida. Sauƙin nan ne ya ja ni ga kuskure. Wani dare na watan Mayu, zafi ya hana barci, kuran ya ɗauke, na zauna a tsakar gida na aika wa mutum tara a jere, duk da wannan layin ɗaya, ko sallama ban ƙara ba. Gaskiyar magana, na yi haka ne don in kauce wa kunyar buɗe baki. Na bar wa na'ura ta yi roƙon a madadina. Maganar kawu ma na ajiye ta gefe, na zaɓi mutanen ne bisa girman muƙaminsu.

Mako biyu, amsa ɗaya. Wani ne daga sashen kuɗi, mutumin kirki, amma a wata bai fi ya ga fuskata sau ɗaya ba. Ya rubuta layi biyu: mai ƙwazo ne, mai ladabi, mai son aiki tare da jama'a. Na gode masa da zuciya ɗaya. Sai dai da na sake karantawa na ga in aka cire sunana aka sa na kowane ma'aikaci a Marwa, maganar za ta zauna daidai. Shaida ba ta fitowa a shafinka sai ka amince da ita, don haka na bar ta a ajiye tukuna.

Uwargidana ce ta warware mini. Na nuna mata saƙon da na aika, ta karanta, ta miƙo mini wayar.

"Maigida, ko goron gayyatar suna ne, manya hannu da hannu ake kai musu. Mutumin da kuka shekara ba ku gaisa ba, ka jefa masa layi ɗaya tsakar dare, ba yaya iyali ba yaya gajiya? Ni da a ce ni ce, zan ɗauka wayarka ce ta aika da kanta. Zumunta a ƙafa take."

Sai na sake lale. Na ɗauko takarda na rubuta abubuwan da na yi a shekara shidan nan waɗanda in aka tambaye ni a gaban alƙali zan iya tsayawa a kansu. A gaban kowanne na rubuta wanda ya gani da idonsa. Sunaye biyar suka fito, biyu kawai daga cikin taran farko. Na yanke cewa kowannensu sai na kira shi ko na je ƙafa da ƙafa, mun gaisa, na nemi izini, na tuna masa abin da ya gani, sannan in aika roƙon ta shafin.

Ta farko Hajiya ce, wadda ta shugabanci sashen kaya shekara huɗu, ni ina ƙarƙashinta kai tsaye. Ta koma Ngaundare wajen 'ya'yanta. Mun yi minti goma muna gaisuwa kafin in kai ga magana, kuma da na kai sai da muryata ta ɗan rawa.

"Hajiya, alfarma nake nema. Ina neman aiki a Cadi, an ce sai da shaidar waɗanda suka san aikina. In ba zai takura muku ba."

"Haba ɗana, wannan har sai ka ce alfarma? Na ga saƙonka tun kwanaki, na buɗe akwatin na rasa me ake rubutawa a ciki, na rufe. Me kake so in ce?"

Ashe shirun da na yi ta fassarawa da cewa ba ta ga alherina ba, rashin sanin inda za ta fara ne. Na ce ba ni zan faɗa mata abin da za ta ce ba, amma ko ta tuna daren Yagwa.

Daminar 2024 ruwa ya yi ɓarna a Arewa Mai Nisa, Yagwa da Maga da Kuseri duk sun sha. Muna da kayan iyali 800 a wani ɗaki da muka yi haya a Yagwa, muna jiran ranar rabo. Wajen sha ɗaya na dare mai gadi ya buga mini ƙofa ya ce ruwa ya taɓa dokin ƙofa. Na tayar da direbobi biyu, na bi gida gida na tara 'yan dako goma sha huɗu, muka yi ta jigila zuwa wata makaranta da ke kan tudu, ruwa daga idon sawu har ya kai gwiwa. Ina tsaye bakin kamyo da fitilar waya a baki ina rubuta duk abin da ya hau. An kira assalatu muna sauke na ƙarshe. Tabarma 23 suka jiƙe suka lalace. Na jera su na ɗauki hoto na aika wa Hajiya kafin in kwanta.

Ta ce ta tuna sarai, har ta tuna ƙarfe nawa saƙon ya shigo. Kwana uku bayan haka sanarwa ta faɗo wayata. Da Faransanci ta rubuta, ga ma'anarsa: "Na shugabance shi kai tsaye shekara huɗu. A daminar 2024 ruwa ya shiga ɗakin ajiyarmu na Yagwa cikin dare. Shi da 'yan dako goma sha huɗu suka kwashe kayan iyali 800 zuwa tudu kafin asuba. Da safe ya turo mini rahoton tabarma 23 da suka lalace, da hotonsu, ba tare da an tambaye shi ba. Duk ƙidayar shekara da muka yi tare, abin da ke littafinsa shi muke tararwa a ƙasa. In zan sake buɗe mangaza, shi zan fara kira." Na karanta ya fi sau biyar. Shekara huɗu muna aiki tare ba ta taɓa faɗa mini ko rabin wannan a fuskata ba, ni ma ban taɓa tsammanin ji ba. Babu kalmar ƙwazo ko ladabi a ciki, amma wanda ya karanta ya san wane ne ake magana a kansa.

Na biyu babban shef ne, wanda ya riƙe biron Marwa gaba ɗaya, yanzu yana wata ƙasa. Ya amsa kirana da fara'a, ya ce ba damuwa, in rubuta duk abin da nake so in tura masa ta WhatsApp, shi kuma ya liƙa da sunansa. Na san haka ake yi sosai, kuma ban ga laifin wanda aiki ya yi wa yawa ya nemi sauƙi ba. Na zauna dare biyu da biro a hannu. Duk jimlar da na fara sai in ji ni ne nake magana, na ɗora hoton wani a sama. Mai karantawa zai ɗauka shef ne ya zauna ya yi tunani a kaina, alhali bai yi ba. Ga shi kuma masu tace takardu ba yara ba ne, in salon shaidar ya yi kama da salon wasiƙar neman aikin, za su gane hannu ɗaya ne. A ƙarshe na tura masa abin da ba zai iya tunawa da kansa ba: shekarun da muka yi tare, ɗakunan ajiya nawa na riƙe, da abubuwa uku da aka yi a gabansa. Na ce, Shef, ga tunatarwa, amma kalmomin ina so su zama naku, ko layi uku ne. Ya ce to. Bayan kwana goma na sake gaishe shi sau ɗaya, ban ƙara ba. Har yau bai rubuta ba, kuma ban riƙe shi a zuciya ba. Sunansa ne ya fi kowane nauyi a jerina, shi ya sa rashin ya yi mini zafi kwana biyu.

Na uku wani Alhaji ne, ɗan kasuwa a Marwa, da ke kawo mana bokitai da sabulu. Babban ɗansa ne ya buɗe masa shafi, shi ke taya shi dubawa. Na same shi a shago bayan azahar, aka kawo shayi. Ban ma gama bayani ba ya katse ni, ya juya wajen ɗansa ya ce, wannan ne wanda na ba ka labari, muka kai bokiti 500, yara suka yi kuskure suka sauke 540, kafin magariba ya ɗoro 40 a amalanke ya dawo mana da su. Ya faɗa da Hausa, ɗan ya juya zuwa Faransanci, ya karanta masa ya amince. Da rubutun ya iso sai na ga an kira ni shugaban sashen saye, ni kuwa mai mangaza ne, an kuma sa 2020 maimakon 2022. Muƙamin da aka ba ni ya fi nawa, kuma da na bar shi ba mai tuhumata a Marwa. Amma in mai ɗaukar aiki ya ga shafina na cewa abu ɗaya, shaidar na cewa wani, duka biyun zai daina yarda da su. Kai da aka rubuta wa ba ka iya canza ko waƙafi, sai dai ka latsa neman gyara, rubutun ya koma wurin mai shi. Ban so Alhaji ya ga sanarwar na'ura cewa an dawo masa da maganarsa ba. Na sake zuwa shagon da kaina, na ce ranka ya daɗe, an ƙara mini girman da ba nawa ba. Ya yi murmushi ya ce a gyara. A gabana ɗan ya gyara.

Na huɗu wata ma'aikaciyar rabo ce da muke fita ƙauyuka tare. Kira ɗaya, washegari ta rubuta, gajere mai kyau, a kan cewa kayanta ba su taɓa makara ba saboda mangaza.

Ana cikin haka abin ya juyo kaina. Wani yaro cikin mu goma sha ɗayan da aka sallama ya ga shaidu sun fara fitowa a shafina, ya zo har gida.

"Yaya, ka rubuta mini in rubuta maka, mu taimaki juna."

Na san shi ciki da waje. A wurin rabo ba kamarsa: yana jin Fulatanci da Kanuri da Larabcin Shuwa, in layi ya rikice mata suka fara tureriniya, shi ake turawa, cikin minti biyar kowa ya zauna. Amma takardunsa kullum da gyara, sau da yawa ni nake zama da dare in daidaita lissafin da ya kawo. In ƙi rubutawa gaba ɗaya, na ɓoye shaidar da nake da ita, Suratul Baƙara kuma ta hana ɓoye shaida. In rubuta abin da yake so, na shiga shaidar zur, wadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa cikin manyan zunubai. Kuma gobe wani zai ba shi littafin kaya saboda maganata. Na rubuta masa abin da na gani: harsunansa, haƙurinsa da jama'a, wata rana a wajen Mora da ya kwantar da hankalin taro. Ya karanta ya dawo ya ce in ƙara cewa ya ƙware a lissafin kaya, don irin aikin da yake nema ke nan. Na ce, ƙanena, wannan ban gani ba, amma in kana so ka zo kullum da yamma in koya maka yadda ake riƙe katin kaya, in na gani zan ƙara, tunda mai rubutu yana iya komawa ya gyara abin da ya rubuta. Ya yi fushi, ya yi wata guda bai gaishe ni ba. Daga baya ya fara zuwa. Tasa shaidar kuwa na ce ya bar ta tukuna. Kowace tana ɗauke da ranarta, kuma duk wanda ya ga mun rubuta wa juna a mako ɗaya zai ce ba ni gishiri in ba ka manda ne.

Na biyar a takardata shi ne wanda ya fi kowa ganin aikina, kuma shi kaɗai ne ba shi da shafi. Baba direba. Ya haura sittin, ya yi shekara talatin yana bin hanyar Marwa zuwa Kuseri ta Mora da Waza. Duk kayan da na loda shi ya ɗauka, duk takardar da na rubuta shi ya kai. Daren Yagwa shi ya ja kamyo na farko cikin ruwa. Ya san ranar da na yi fushi na ɗaga murya, ya san ranar da aka miƙo mini ambulan a bayan mangaza na mayar. Wayarsa ƙarama ce mai maɓallai, bai yi lekol ba. Ƙanena na gida ya ce abu mai sauƙi, a buɗe wa Baba shafi da sunansa, a tambaye shi, a rubuta abin da ya ce. Na ƙi. Ƙa'idar dandalin ta hana mutum ya buɗe shafi da sunan wani, kuma ko ba ƙa'ida, shafin da aka buɗe jiya, mai alaƙa ɗaya da shaida ɗaya, ba wanda zai yarda da shi. Zai zubar da mutuncin Baba ne a banza.

Wannan abu ya daɗe yana cina. A irin aikinmu, waɗanda suka fi sanin ko kai mai amana ne su ne 'yan dako da masu gadi da direbobi, don a gabansu ake yin abin da ba a yi a gaban shef. Amma dandalin muryar wanda yake da babbar waya da rezo da Faransanci ko Turanci kawai yake ɗauka. Mutum goma sha huɗun da suka shiga ruwa da ni, ba ɗaya da zai iya rubuta mini layi a can, ni ma ba inda zan rubuta musu, alhali su ma an sallame su, su ma suna neman inda za su ci abinci. Abin da na iya yi shi ne na rubuta wa shugabansu takarda da hannuna, na sa lambar wayata, na ce duk wanda ke son tambaya ya kira ni. Baba kuwa na je gidansa na nemi izininsa, na cire sunan babban shef daga jerin mutum ukun da ke ƙasan takardata, na sa nasa. A gaban sunansa na rubuta: direba, yana jin Hausa da Fulatanci da Larabcin Shuwa.

Kafin babbar salla ta wuce da wata guda, shaidu uku ke tsaye a shafina. Ta mutumin sashen kuɗi ma na amince da ita daga baya, ta zama ta huɗu, don da kyakkyawar niyya ya rubuta, kuma ba ƙarya a cikinta.

A watan Agusta aka kira ni ganawa ta bidiyo daga Njamena. Na ari biron wani aboki mai intanet mai ƙarfi, don rezon unguwarmu ba abin dogaro ba ne da damina. Mutum uku ne a gabana. Bayan tambayoyin da aka saba, a kan katin kaya da yadda ake jera abin da zai riga lalacewa a gaba, sai matar da ke tsakiya ta duba takardar da ke gabanta ta ce ta karanta abin da tsohuwar shugabata ta rubuta. Ta ce, cikin dare irin wannan, wa zai ƙirga tabarma 23, me ya sa na kai rahotonsu? Na ce tabarma 23 iyali 23 ne da za su zo ranar rabo su tarar kayansu bai cika ba, in ban faɗa da wuri ba, ba mai sayo madadinsu. Ta rubuta wani abu. Kusan rabin ganawar a kan daren nan ta tafi.

Bayan mako biyu, ina alwalar magariba, wayata ta yi ƙara. Baba ne.

"Ɗana, wani ya kira ni daga Cadi. Ya fara da Faransanci, na ce ban ji, ya koma Larabci. Ya tambaye ni kai wane iri ne."

"To, Baba, me kuka ce masa?"

"Na ce kana da zafin rai in aka makara da lodi. Ya yi dariya. Na ce amma shekara shida ban taɓa isa inda aka aike ni aka ƙirga kaya aka ce ba su cika ba. Ya riƙe ni har kuɗin wayarsa suka ba ni tausayi."

Kwantiragin wata shida ne, a Abeshe, da yiwuwar ƙari in kuɗi sun samu. Ranar Litinin zan tsallaka gadar Ngeli in shiga Njamena. Baba ya ce yana da lodi zuwa Kuseri ranar Asabar, in hanyar Waza ta yarda, in zo da jakata bayan sallar asuba.